Yadda Ake Gano Matsalar Mota da Na'urar OBD2 Idan Fitilar Inji ta Kunna

Motar zamani tana ɗauke da kwamfuta mai sa ido a kan injinta. Duk lokacin da wani awo ya kauce daga inda ya kamata, sai ta ajiye lamba a ƙwaƙwalwarta, ta kunna maka fitilar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji a dashbod. Tsarin da ake bi a karanto wannan lamba shi ne OBD2. Amurka ta wajabta shi a kan ƙananan motocin da ake sayarwa a can tun daga ƙirar 1996, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur, sai 2004 ga masu dizal. Shi ya sa soket ɗin iri ɗaya ne, ko Toyota ce, ko Peugeot, ko Ford. Karanto lambar aikin minti biyar ne, kowa zai iya. Inda mutane ke yin asara shi ne abin da suke yi bayan sun gan ta, don haka a nan zan fi jan zare.

Kayan aiki

Na farko ita ce na'urar karatun kanta, kuma iri biyu ce ga mai koyo. Akwai 'yar ƙarama da ake cusawa a soket, ta yi magana da wayar hannu ta Bluetooth ko Wi-Fi. Yawancin irinta an gina su ne a kan ELM327, ƙirar wani kamfanin Kanada, kuma na jabu sun cika ko'ina: wata ta yi aiki lafiya lau, wata ta ƙi magana da rabin motocin da aka sa mata. Tana buƙatar manhaja a waya, irin su Torque ko Car Scanner ko OBD Fusion. Mai iPhone ya tabbatar kafin ya saya cewa na'urar tana aiki da wayarsa, don da yawa daga cikin masu Bluetooth na Android ne kawai. Iri na biyu ita ce mai allonta da igiyarta, ba ruwanta da waya. Ni ita nake zaɓa wa mai farawa, saboda ba a ɓata lokaci wajen haɗa ta da komai.

Sai mitar awon wuta, ko da mai araha ce. Sai tocila, da biro da takarda, da littafin motar idan yana nan. Kada ka raina biro da takardar, za ka ga dalili a mataki na huɗu.

1. Fara duba wace fitila ce, kuma yaya take ci

Kafin ka ɗauko na'ura, dubi launin. Ja yana nufin tsaya. Fitilar baƙin mai, mai kama da butar zuba mai, idan ta kunna ana tafiya, a ja gefe a kashe inji nan take, don injin da ya rasa matsin mai ba ya jimawa yake ƙonewa. Haka fitilar zafin inji, haka jar fitilar birki idan hambirki a sake yake. Waɗannan ba sa jiran wani karatu.

Fitilar inji ruwan ɗorawa kuwa, idan tana ci a tsaye kuma motar na tafiya daidai, kana da sararin isa gida ka bincika. Idan tana ƙyaftawa, wato tana kunnawa tana mutuwa, wannan wani zance ne: silinda na ƙin ƙona mai, ɗanyen fetur na gangarawa cikin salansa, yana ƙonewa a cikin katalis, matatar hayaƙin nan mai tsada. Rage gudu, kada ka taka mai da ƙarfi, ka tsaya da zarar ka sami wuri.

2. Auna batir

Wannan matakin ake yawan tsallakewa. Inji a kashe, ɗora jan tsinken mita a kan ƙarfen batir mai alamar +, baƙin a kan mai alamar −. Cikakken batir yana ba da wajen volt 12.6. Idan ka ga 12.2, rabi ne ya rage. Tayar da mota ka sake aunawa: ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.7, alamar altaneta na caji. Batir mai rauni, ko kan batir mai tsatsa, ko wayar ƙasa da ta saki, suna sa kwamfutocin mota su yi ta zubo lambobin da ba su da alaƙa da juna. Idan ka tarar da lambobi bakwai ko takwas daga sassa daban-daban a lokaci guda, fara zargin wuta kafin ka zargi sensa.

3. Nemo soket, ka haɗa

Soket ɗin yana da ramuka 16 a jeri biyu, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, don haka ba ya shiga a juye. Yawanci yana ƙarƙashin dashbod a ɓangaren direba, kusa da gwiwarka. Wasu motocin sun ɓoye shi a bayan wani ɗan murfin roba, ko kusa da akwatin fis, ko ƙarƙashin wurin zuba tokar sigari. Haska tocila ka duba.

Makulli a kashe, cusa na'urar har ta zauna. Sannan murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kunnuwa duka, amma kada ka tayar da inji. A motar da ake tayarwa da maɓalli, danna shi ba tare da ka taka birki ba, sau ɗaya ko biyu gwargwadon ƙirar, har fitilun su kawo.

Idan na'urar ba ta kawo wuta sam ba, duba fis. Rami na 16 shi ke ɗauke da wutar batir, na 4 da na 5 su ne ƙasa, kuma a motoci da yawa fis ɗin soket ɗin ɗaya ne da na wurin cajin waya. Idan ta kawo wuta amma ta ƙi magana da motar, cire ka mayar, ka bar manhajar ta zaɓi tsarin sadarwa da kanta. Idan har yanzu shiru, gwada ta a wata motar. Wasu motocin da aka ƙera don kasuwar cikin gida ta Japan suna da soket mai rami 16 amma ba sa amsa ƙananan na'urori, sai babbar na'urar gareji.

Rami na 16 ba ya mutuwa ko an zare makulli. Wanda ya bar 'yar na'urar a cushe ya ajiye mota na kwanaki, yana iya dawowa ya tarar batir ya kwanta.

4. Karanta, ka rubuta komai, kada ka goge

Zaɓi karanta lambobi. Za ka ga su kashi-kashi: waɗanda suka tabbata har suka kunna fitila, da waɗanda ke jiran tabbaci, wato kwamfuta ta ga matsalar sau ɗaya tana jira ta sake gani. A motocin kasuwar Amurka daga wajen 2010 akwai kashi na uku, na dindindin, waɗanda na'ura ba ta iya gogewa, motar ce ke share su da kanta idan ta gamsu an gyara.

Rubuta duka, a jerin da suka fito. Sannan ka nemi wurin da aka rubuta Freeze Frame. Wannan hoton halin da injin yake ciki ne a daidai lokacin da matsalar ta faru: gudun mota, juyin inji, zafin ruwa, nauyin da ke kan inji. Ka rubuta shi ma, ko ka ɗauki hoton allon. Matsalar da ta faru inji na sanyi mota a tsaye daban take da wadda ta faru ana gudun kilomita 100 a awa inji ya yi zafi, ko da lambar ɗaya ce. Da zarar ka danna gogewa, duk wannan ya tafi, kuma wata matsalar sai an yi mako ana yawo kafin ta sake nuna kanta. Goge lamba ba ya gyara komai. Fitilar kawai yake kashewa.

5. Fahimci lambar

Kowace lamba harafi ɗaya ce da alƙaluma huɗu. P na inji ne da giya, B na jikin mota kamar jakar iska da makullan ƙofa, C na birki da sitiyari da ƙafafu, U kuma na sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Alƙalami na farko bayan harafin, idan 0 ne, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace mota. Idan 1 ne, ta kamfanin ce, dole ka nemi ma'anarta da sunan motar da shekararta, don P1 ɗin Honda ba shi ne na Nissan ba, kuma manhajoji masu araha sukan ba da fassarar wani kamfanin daban.

Waɗanda za ka fi cin karo da su: P0300 silinda na ƙin ƙona mai ba a san wacce ba, P0301 zuwa P0304 kuma sun faɗi wacce, daga ta ɗaya zuwa ta huɗu. P0171 iska ta yi wa mai yawa, P0172 mai ya yi wa iska yawa. P0420 katalis ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata. P0335 matsala a layin sensar karanshaf, wadda kan hana mota tashi gaba ɗaya. P0128 inji ba ya kaiwa zafinsa, yawanci tamostat ya maƙale a buɗe ko an cire shi. P0455 tururin fetur na zurarewa, kuma sau da yawa murfin tanki ne ba a ɗaure da kyau ba.

Lamba kamar majinyaci ne da ya ce wa likita kansa na ciwo: ya faɗi inda yake ji, bai faɗi cutar ba. Idan ka ga sunan sensa a fassarar lamba, abin da kwamfuta ke cewa shi ne saƙon da ke zuwa mata daga wannan layin bai yi daidai ba. Mai yiwuwa sensar ce ta mutu. Mai yiwuwa waya ce ta goge ta tsinke, ko soket ya sha ruwa, ko kuma sensar gaskiya take faɗa, ciwon yana wani wuri. Wanda ya ruga ya sayo sensa saboda sunanta ya fito a allo, sau da yawa yakan sa sabuwa fitilar ta dawo bayan kwana biyu.

6. Tayar da inji, ka kalli awon da ke gudana

Nan ne na'urar ke biyan kuɗinta. Shiga sashen Live Data, ka bar inji ya yi zafi. Abu huɗu sun ishe ka da farko.

Zafin ruwa: a yawancin motoci yana zama tsakanin digiri 85 da 105. Idan ka ga −40, ba sanyi ba ne, layin sensar ne ya yanke ko an zare soket ɗinta. Da safe kafin a tayar da mota, zafin ruwa da zafin iskar da ke shiga inji ya kamata su yi kusa da juna. Idan sun sha bamban sosai, ɗaya daga cikin sensocin ƙarya take yi.

Juyin inji a silo, wato inji na aiki ba a taka mai ba: wajen 600 zuwa 900 a minti, a tsaye, ba hawa da sauka.

Sensar iskar oksijin ta gaban katalis: a tsohon salo tana lilo da sauri tsakanin volt 0.1 da 0.9. Ta bayan katalis kuma ya kamata ta natsu, kusa da 0.6 ko 0.7. Idan ta bayan tana lilo daidai da ta gaba, katalis ya gaji ko an fasa shi an kwashe cikinsa. Amma kafin ka yanke wannan hukunci, duba ko salansa na da huda kusa da sensar, don iskar waje da ke shiga ta hudar tana rikita awon. Sababbin motoci da yawa suna da wata irin sensa a gaba wadda ba ta wannan lilon, kada ka ɗauka ta mutu.

Na huɗu, kuma mafi amfani, gyaran mai, wanda za ka gani da sunan STFT (na ɗan lokaci) da LTFT (na dogon lokaci). Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, bisa nauyi. Kwamfuta tana ƙara mai ko ta rage don ta riƙe wannan, kuma waɗannan alƙaluman suna nuna nawa ta ƙara ko ta rage. Tsakanin −10 da +10 cikin ɗari, babu damuwa. A ce ka sami P0171, ka ga LTFT yana +20 a silo. Taka mai ka riƙe inji a 2,500. Idan alƙalamin ya sauko kusa da +5, iska ce ke satar hanya ta wani tiyo da ya tsage ko gasket da ya saki, don a silo ne ɗan wannan yoyon ke da tasiri. Buɗe bonet, ka bi tiyon da ya taso daga matatar iska zuwa inji, ka lanƙwasa shi a hankali, musamman wurin da yake da ninki, ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Nan yake tsagewa. Idan kuwa a silo lafiya, sai an taka mai alƙalamin ke hawa, to mai ne ba ya isa: famfon mai ya yi rauni, ko filta ta toshe, ko sensar auna iska ta yi datti. Ita wannan sensar ana wanke ta ne da feshin da aka yi dominta, a bar ta ta bushe. Ba a taɓa siririyar wayar cikinta da yatsa ko tsumma.

7. Gwada kafin ka saya

Ɗauki P0302. Silinda ta biyu ba ta ƙona mai daidai, kuma masu laifin da aka fi sani uku ne: koyil, filogi, nozul. A injin da kowace silinda ke da koyil ɗinta, kashe mota, ka musanya koyil na biyu da na uku. Tunda ka riga ka rubuta komai, yanzu kana iya goge lambar. Yi ɗan zagaye ka sake karantawa. Idan ta koma P0303, ciwon ya bi koyil, shi za ka canza, shi kaɗai. Idan ta tsaya a P0302, musanya filogi haka nan. Idan har yanzu ba ta motsa ba, saura nozul ko matsin silindar kanta, kuma daga nan aikin makanike ne mai ma'aunin matsi. Kwabo bai fita daga aljihunka ba, amma ka san abin da za ka ce masa.

Idan lambar ta layin wata sensa ce, zare soket ɗinta ka haska ciki. Kore-kore ko farin gari a kan ƙarafan tsatsa ne. Ja kowace waya a hankali ka ji ko ta saki. Inji na aiki, girgiza damin wayoyin kana kallon awon a allo, hannu nesa da fanka da fanbel. Idan awon ya yi tsalle, ka kama ɓarawon.

8. Fitilun tsaro: ABS, jakar iska, iskar taya

Ƙananan na'urori da yawa inji kawai suke karantawa. Idan fitilar ABS, tsarin hana taya ƙamewa a lokacin birki, na ci amma na'urarka ta ce babu lamba, ba ta shiga wannan kwamfutar ba ne, sai wadda aka rubuta a jikinta cewa tana karanta ABS da SRS, wato tsarin jakar iska.

ABS, wanda Bosch da Mercedes-Benz suka fara sawa a motar S-Class a 1978, yana aiki ne da sensa a kowace taya, mai ƙirga juyinta. Idan taya na shirin ƙamewa a lokacin birki mai ƙarfi, sai ya sassauta mata matsi ya mayar, sau da yawa a daƙiƙa guda, don sitiyari ya ci gaba da amsawa. Tsarin hana mota juyewa a kwana, ESP ko ESC, wanda ya fito a 1995, da waɗannan sensocin yake aiki, shi ya sa sensa ɗaya idan ta lalace fitilu biyu ko uku ke kunnuwa tare. Birkin yau da kullum yana nan, taimakon ne ya tafi, don haka a bar tazara, musamman a kan jiƙaƙƙen titi. Hanyar ganowa mai sauƙi ce: wani ya tuƙa a hankali, kai kana kallon gudun tayoyi huɗu a allo. Wadda ta nuna sifili ko take yankewa, ita ce. Cire tayar, ka bi wayar sensar, ka share ƙurar ƙarfe da ta manne a kanta, ka girgiza tayar kafin ka cire ka ji ko boris ya yi wasa, don a motoci da yawa zoben da sensar ke karantawa a jikin boris yake.

Jakar iska kuwa, karanta lambar ka tsaya nan. Soket ɗinta da wayoyinta yawanci ruwan ɗorawa ne don a gane su. Kada ka kuskura ka sa mitar awo a kansu, 'yar wutar da mita ke turawa tana iya tayar da jakar a fuskarka. Abin da mai koyo zai iya shi ne ya kashe mota, ya cire kan batir na −, ya jira tsawon da littafin motar ya faɗa, sannan ya duba ko soket ɗin ƙarƙashin kujera ya saki, don tura kujera gaba da baya yakan ja shi. Idan fitilar ta zo tare da mutuwar hon da maɓallan sitiyari, naɗaɗɗiyar wayar da ke bayan sitiyari ce ta tsinke, a kai wa mai gyaran wutar mota. Muddin fitilar na ci, ka ɗauka jakar ba za ta buɗe ba a haɗari. A mota mai haɗin batir da fetur, wayoyi masu launin ruwan goro na babbar wuta ne mai kisa, ba a taɓa su.

Fitilar iskar taya, wadda Amurka ta wajabta daga 2007, tana kunnuwa idan iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Auna tayoyin suna sanyi, ka bi alƙalamin da ke manne a jikin ƙofar direba, ba wanda ke jikin taya ba. Idan ta yi ƙyaftawa na kamar minti ɗaya sannan ta ci gaba da ci a tsaye, sensa ce ta daina magana, yawanci batirin cikinta ya ƙare.

9. Bayan gyara

Goge lambobin, inji a kashe, makulli a kunne. Sannan ka yi tuƙi iri-iri na 'yan kwanaki, cikin gari da babbar hanya, ka duba sashen Readiness. Nan kwamfuta ke nuna gwaje-gwajen da ta kammala. Sai sun cika kuma babu lamba mai jiran tabbaci za ka ce gyara ya yi. Ko ba ka goge ba, fitilar kan mutu da kanta bayan tafiya uku a jere ba tare da matsalar ta dawo ba.

Wannan sashen yana da amfani ga mai sayen motar hannu. Idan babu lamba ko ɗaya amma gwaje-gwajen duk ba su kammala ba, an goge ne kwanan nan ko an cire batir, sai ka tambayi dalili. Kuma ka lura da fitilun a lokacin da aka murɗa makulli: ta inji, ta ABS da ta jakar iska dole su kawo sannan su mutu. Wadda ba ta kawo ba sam, an cire ƙwanta ko an liƙe ta ta baya.

Idan babu na'ura, ko motar ta girmi 1996

Tsofaffin motoci suna faɗin lambarsu da ƙyaftawar fitila. A Toyota ta da, akwai ɗan akwati a ƙarƙashin bonet, ana haɗa ramin TE1 da E1 da guntuwar waya, a kunna makulli, a ƙirga: ƙyaftawa biyu, ɗan shiru, sannan ɗaya, lamba 21 ke nan. Tsofaffin Honda suna da soket mai rami biyu a ɓangaren fasinja da ake haɗawa haka. A wasu motocin Chrysler, Dodge da Jeep, murɗa makulli kunne, kashe, kunne, kashe, kunne da sauri yana fito da lambar a wurin da ake nuna kilomita. Amma a soket mai rami 16, kada ka haɗa ramuka da waya bisa kintace. Rami na 6 da na 14 su ne layin da kwamfutocin motar ke magana da juna a kai, kuma na 14 rami ɗaya ne kawai tsakaninsa da wutar batir a na 16.